Feshin da Ya Cinye Miyar Inna

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya Ikko, ya iyali? Mu nan Taura lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Injin feshin da ka aiko ya iso. Na jira iska ta kwanta, na feshe gonar dawa kafin shuka. Ciyawar harƙiya duk ta ƙone. Ashe har da lalo da karkashin gefen gona da Inna ke tsinka kowace damina.

Da ta gani sai ta ce, "Abin da kuke kira ciyawa, miyata ce." Yau kwana uku ba ta kula ni.

Ka rubuto mata, maganarka take ji. Ka sa ni a addu'a. Gai da Anti, in tana da busasshen karkashi ta aiko mana.

Ƙaninka,
Habu