Bututun da Baba Ya Binne

Litinin, 3 ga Yuni
Ƙarar injin yankan ciyawa ce ta gaya mini. Kullum takan tafi ta dawo. Yau ta tsaya wuri ɗaya. Ina wanke-wanke, na ajiye kwanon. Kafin mai gadi ya ƙwanƙwasa ƙofa na riga na sani. A rami na bakwai na filin golf Baba ya faɗi, gindin manyan itatuwan nan. Nan ya cika.

Alhamis, 6 ga Yuni
Har 'yan golf sun koma wasansu. Ta taga ina ganinsu da fararen huluna.

Asabar, 22 ga Yuni
Shekara talatin da huɗu Baba yana gyaran filin golf ɗin nan. Yakan ce wanda ya tsara shi ba mugu ba ne, mai wayo ne: hanya shimfiɗe, itatuwa dama da hagu, sai ka saki jiki ka tarar da yashi yana jiranka. "Kamar gwaggonki," in ji shi. Na yi dariya ni kaɗai, sai kuma kuka.

Laraba, 3 ga Yuli
Ruwan sama kwana uku. Sabon ogan masu gyaran filin ya zo, laka har gwiwa. Wai ruwa ya kwanta, ciyawa mai laushin da ke kewaye da ramuka tana ruɓewa. Bututan da ke janye ruwa ta ƙarƙashin ƙasa sun toshe, kuma ba wanda ya san inda suke. "Malama, Baba bai bar wata takarda ba?" Wace takarda? A kansa take, an binne su tare.
Bai san ina yarinya ni ke bin Baba da ƙunshin abinci ba. Yakan buga ƙafa ya ce, "Uwata, nan yake, ki riƙe." Ban faɗa ba. Ba zan iya taka filin nan ba.

Lahadi, 14 ga Yuli
Oga da ma'aikatansa sun tona wuri biyar a banza. Kamar kaji. In ruwan ya ƙara mako biyu, wai sai dai a kankare ciyawar a shuka irin ta zamani. Da hannunsa Baba ya dasa ta. Yaya ya ce a waya, "Ke ina ruwanki? Filin ubanki ne?" 

Talata, 16 ga Yuli
Shanya kawai na fita yi, ban san yadda na kai bakin tafkin filin ba. Na tarar da oga da ma'aikatansa. Na buga ƙafa, suka tona, ga bututu. Oga ya cire hula. Daga rami na ɗaya zuwa na shida na nuna musu, biyu a ciki na yi kuskure. Abin yana zame mini, ba kamar yadda na zata ba. Wasu itatuwan da nake kwatance da su ma an sare.
Da muka hango na bakwai na ce ƙafata tana ciwo. Bai matsa ba.
Can ruwan ya fi kwanciya. Cikin rami goma sha takwas, saura goma sha biyu ban nuna ba.