Ya Ce Ba Zai Kwanta Asibiti Ba Sai Na Riƙe Masa Injin Caca

Anti Araba, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Litinin. Ranar ce za a yi wa maigidana aiki a asibiti, shi kuwa ya kafe ba zai je ba sai na yi masa abin da nake tsoron in na yi, ni ma na tafi ke nan. Kada ki sa sunana. Rabin matan Takoradi a wurina suke sayen kifi banda, sauran rabin kuma tare muke zumuntar mata a coci. Shi zan kira shi Papa Ekow, ko da yake ba sunansa ba ne.

Duk rayuwarsa a tashar jiragen ruwa ya yi ta, a can sama cikin ɗan akurkin injin ɗaga kaya, shi kaɗai daga safe har yamma. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida ya addabe ni. Har bakin murhu yake bina yana koya mini yadda ake jera kifi a kan waya, ni da na gaji sana'ar nan a wurin kakata! Shi ya sa ranar da wani tsohon abokin aikinsa ya ja shi gidan cacar da ke ƙarƙashin wani otal a hanyar bakin teku, ban hana shi ba. A raina ma cewa na yi madalla, na samu in shaƙi iska. Ba giya yake sha ba, ba yawon banza yake yi ba, ɗan canjin fanshonsa ne. Haka na gaya wa kaina.

Injinan suna da yawa a wurin, jere reras, amma shi guda ɗaya ya sani, wata da ke lungu kusa da na'urar sanyaya ɗaki, mai hoton kankana da ƙararrawa da lamba bakwai. "Tawa" yake ce mata. Wai shekara biyu yana ciyar da ita, cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, kuma duk wanda ke kan kujerar a ranar shi zai kwashe. Shi ne na farko a bakin ƙofa kafin a buɗe, shi ne na ƙarshen fita. Dokununsa, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi a leda yake tafiya da su, yana ci da hannu ɗaya yana dannawa da ɗaya.

Suna da al'adarsu a wurin. In za ka tashi sai ka jingina kujerar da injin, ka yafa hankicinka a kai, kowa ya san da mai ita. Amma na ɗan lokaci ne, in ka daɗe ma'aikatan su ɗauke hankicin, wanda ya riga ya zauna. Kuma duk suna da labari ɗaya da suke ba juna, na wani mutum da ya tashi ya zaga, wani matuƙin jirgi da ya sauka gari ranar ya zauna, dannawa ɗaya ya kwashe komai. Na tambayi mutum nawa, babu wanda ya gani da idonsa, amma kowa zai rantse miki. Ga kuma wani Mista Quansah, tsohon malamin makaranta, da ke zama nesa kaɗan yana kurɓar lemon da suke rabawa kyauta, yana jiran wani ya tashi. Sai ya riƙa cewa, "Papa, je ka rage mara mana, kada ka fashe, ni zan duba maka ita." Maigidana ya ce masa, "Ungulu kawai, ka mutu kana jira." Su yi dariya, amma ba ya tashi.

To, da ma yana da ciwon nan na dattawan maza da ke matse hanyar fitsari, ga riƙon da yake yi wuni guda. Wata rana da la'asar aka kawo mini shi a tasi, ya duƙunƙune yana gumi, ko ɗigo ya ƙi fita. A asibiti aka sa masa robar fitsari da jaka. Likita ta ce abin ya fara taɓa ƙoda, aiki ya zama dole, kuma ba na jinkiri ba ne. Anti, kin san abin da mutumin nan ya ce da muka fito? Ya shafa jakar da ke ɗaure a cinyarsa a ƙarƙashin wando, ya ce, "Kin ga ikon Allah? Yanzu ba sai na tashi ba." Ban san lokacin da na zauna a bakin kwata na fashe da kuka ba.

Daga nan nawa ya fara. Ranakun da zai je ganin likita sai ya roƙe ni in riƙe masa kujerar, in ba haka ba ba zai je ba. Na ce to, lafiyarsa ce gaba. Na ja ɗankwali har gira na shiga, ina warin hayaƙi, ina addu'ar kada in haɗu da idon sani. Ashe ba a zama haka nan, sai kana wasa, ko da mafi ƙanƙantar kuɗi ne. Sai na riƙa dannawa a hankali ina kallon ƙofa. Wurin ba taga, ba agogo, sanyi mai daɗi, babu mai cewa a rage masa farashi. Zuwa na uku injin ya ɓarke da kiɗa, fitilu suna walƙiya, wata yarinya mai aiki a wurin ta tafa mini ta ce, "Maame, ashe hannunki da albarka!" Abin da na ci bai kai ribar kwandon kifi ɗaya ba, kuma kafin maigidana ya dawo kuɗin sun koma inda suka fito. Amma rabon da in ji irin wannan daɗin a ƙirjina har na manta.

Yanzu ina bakin murhu ina jin kiɗan nan a kunnena. Na ƙona kifi waya guda sukutum ina tunanin bakwai biyu da suka jeru, na ukun ya tsaya a saman layi kaɗan, kamar a sa yatsa a turo shi. A coci ana waƙa, babban yatsana yana motsi a kan littafin. In ya dawo daga asibiti ya dafa kafaɗata ya ce in tashi, haushi nake ji, har na taɓa ce masa ya bari in ƙarasa. Ya dube ni, na dube shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da likita ta ce zai yi kwana huɗu ko biyar a kwance, abin da ya fara zuwa zuciyata ba tsoron aikin ba ne. Murna ce, wai injin zai zama nawa ni kaɗai. Mijina na shekara talatin da wani abu! Na tsani kaina a ranar, har yanzu ban daina ba.

Shekaranjiya na ce masa ba zan ƙara taka wurin ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Uwar gida, in na farka na ji Quansah ya kwashe guminmu, gara a bar ni a kan teburin. In ba za ki zauna ba, ni zan zauna, su ba wa wani ranar aikin." Na yi tunanin in yi masa ƙarya in ce ina can, amma yana da lambar wayar kowa a wurin, kafin azahar zai ji. 'Yarmu Ewurabena da ke aiki a Accra ita ta ɗauki nauyin aikin, ita a zatonta wuƙar likita babanta yake tsoro. Ya hana ni gaya mata, ni ma kunya ba za ta bar ni ba, don in na tona shi na tona kaina.

In na ƙi, ba zai je ba, ƙodarsa ta lalace ina kallo. In na yarda, na san kaina, kwana biyar a kan kujerar nan ba zan sake tashi ba. Kuma Anti, kada ki yi mini dariya, wani sashe na zuciyata yana cewa, in fa da gaske ta kusa? Ni dai na rasa ta inda zan fita.

Taki cikin damuwa,
Mai Gadin Kujera, Takoradi

*

'Yar'uwa Mai Gadin Kujera,

Ba zan yi miki dariya ba, amma zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ta ɗaure ku duka biyu. Ba ta kusa ba. Injin nan ba shi da ciki, ba ya tuna wanda ya zuba masa kuɗi jiya. Kowace dannawa sabuwa ce, wanda ya shekara biyu a kai da wanda ya shigo yanzu duk ɗaya suke a wurinsa. An ƙera shi ne ya riƙa mayar da ƙasa da abin da ya karɓa, da haka ake biyan sanyin da kike jin daɗinsa da lemon Mista Quansah. Bakwai ɗin da ya tsaya a saman layi faɗuwa ce kamar kowace faɗuwa, an dai yi mata kwalliya don ki sake dannawa. Kiɗan ma haka, yana tashi ko da abin da aka ba ki bai kai abin da kika zuba ba. Saboda haka babu abin da kuke gadi. Kuɗin Papa ba sa cikin akwatin nan suna jiransa, sun daɗe da tafiya.

Kada kuma ki ɗauke shi wawa ko mugu. Mutum ne da aka saba jiransa kowace safiya, aka wayi gari babu mai jiransa, ya samu wurin da ake gaishe shi da suna. Yarda cewa injin ba zai biya ba daidai yake da yarda cewa shekara biyu sun tafi a banza, wannan kuwa da ciwo. Ina ma zargin Ewurabena ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, tsoron aikin yana nan, injin ya ba shi hujjar da ba zai ji kunyar faɗa ba. Duk da haka abin da ya ɗora miki bai dace ba. Ya sa lafiyarsa a wuyanki, ya ce ki biya da taki. Ke ma da kika fara zama, da kyakkyawar niyya kika yi, amma zaman ne ya ba shi damar ci gaba. Murnar da kika ji a gaban likita kuwa ki daina dukan kanki a kanta, alama ce cewa abin ya fara kama ki, kuma kin gane da wuri.

Kada ki koma, ko na awa ɗaya, kuma kada ki yi masa ƙarya. Ki kira Ewurabena yau, ba gobe ba, ki fara da naki labarin kafin nasa, hakan zai rage masa zafin tonon. Za ta yi fushi, za ta yi kuka, sannan za ta hau mota ta zo. Uban da ke iya kafe wa matarsa sau da yawa ba ya iya kallon idon 'yarsa ya ce kujera ta fi aikin da ta yi gumi ta biya. Ku je wurin likitar tare kafin Litinin, ku faɗa mata ainihin dalilin, ku roƙe ta ta gaya masa da bakinta, ba tare da sakayawa ba, abin da jinkiri zai yi wa ƙodarsa. Ku tambaye ta kuma inda ake taimaka wa masu fama da caca, domin ciwo ne da ake nema wa magani, kuma ku biyu ne masu buƙata. Kuɗin da ke cikin wayar salularki da cinikin kifi ki damƙa wa 'yarki na wannan makon. In gidan cacar na karɓar roƙon mutum a hana shi shiga, ki rubuta sunanki. Ki kuma samu mace ɗaya a zumuntarku mai riƙon sirri, wadda za ki kira duk lokacin da yatsan ya fara motsi.

Ba zan ɓoye miki ba, yana iya ƙin zuwa ranar Litinin duk da haka. In ya ƙi, ku nemi wata ranar mafi kusa, ku ci gaba da matsa masa, amma amsarki kada ta canja. Ki faɗa masa a fili cewa akwai kujerar da za ki riƙe kwana biyar ba tashi, ita ce wadda ke gefen gadonsa, kuma mutum ɗaya ba ya zama a wuri biyu. Ki bar shi ya zaɓi fuskar da yake so ya gani in ya buɗe ido.

Allah ya sa a yi aikin cikin nasara, ya tashi kafaɗun Papa, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Taki,
Anti Araba