Jarrabawar da Aka Yi wa Inna

Kanada, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da duk mutanen Karaye. In kin leƙa Jajaye ki gaida Inna, ki gaida Baffa Ilu duk da abin da yake faɗa a kaina.

Yau shekara shida da wata huɗu rabona da gida. Takarda na rubuto, don in na kira waya, kafin a gama miƙa ta hannu-hannu ana "ya sanyi" na manta abin da ya sa na kira.

Kin ce Inna ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta kuma wuni neman carbin da ke wuyanta. Ku dariya kuka yi. Ni ban yi ba, don aikina ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina binciken yadda ƙwaƙwalwa ke tsufa, da abincin da ke rage mata mantuwa. Muna ciyar da tsofaffin ɓeraye, mu saka su a akwati mai lunguna mu ga wanda zai tuna hanya. Na ji Baffa yana gaya wa mutane a kasuwar Rogo wai na haye teku in yi wa ɓera girki, alhali na rumbunsa suna ci da kansu ba tare da wani mai digiri ba. Raina ya ɓaci, amma na duba ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Ga takardu biyu. Ta farko abincin da za a riƙa ba ta: zogale, wake, gyaɗa, kifi, a rage sukari. Ta biyu tambayoyi ne, maki talatin. Ki zaunar da ita ke kaɗai, kada kowa ya raɗa mata amsa. Ki rubuta abin da ta faɗa kawai. Ba na son sharhinki, ba na son bayani. Na san ki da ƙarin gishiri fiye da Inna.

Yayanki,
Zaharaddini

Kanada, 20 ga Fabrairu

Sadiƙa,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata yara lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Amsoshin sun iso. Inna ta ci tara cikin talatin. Ɓeran da muka sallama makon jiya ya fi haka.

Wasu na yi mata uzuri. Da kika tambaye ta kwanan wata ta ce jibi kasuwa, ba laifi. Da aka ce ta zana agogo ta ce ladan bai mutu ba, na haƙura. Da aka ce ta cire bakwai daga ɗari ta ce bakwai na me, in kwanon gyaɗa ne a fara gaya mata wanda ya ɗiba, wannan har maki na ba ta.

Amma tambaya ta goma sha biyu, Sadiƙa. Ta lissafa 'ya'yanta. Ta ce Sadiƙa, Kamilu, Mujahid, Sauda. Har Hamma da ya rasu yana goye ta ambata. Ni babu. Kin rubuta cewa sau uku kika maimaita, sau uku tana farawa daga kanki. Sunan marigayi Baba ma ta kasa, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na kai wa shugabarmu takardar. Tsohuwar farfesa ce mai kirki, shekara talatin tana wannan aikin. Ta cire tabarau ta ce uwar da ta manta mijinta da ɗanta na fari, ciwon ya yi nisa. Ta ba ni shayi. Ban iya sha ba.

Na je na tsaya gaban ɓerayena ina kallonsu. Ɗari biyu ne, kowanne na san lambarsa da abin da ya karya da shi. Uwata kuwa ta goge ni, kuma ba zan ce ta zalunce ni ba. Wanda ya yi shekara shida sai dai murya a waya, da me za a tuna shi? Ku da kuke kusa ma kun iya sakaci, amma aƙalla sunayenku suna nan.

Ku kai ta Kano a ɗauki hoton kanta cikin makon nan. Kada a tsaya shawara da Baffa.

Zaharaddini

Kanada, 1 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata, wadda ba zan yafe wa da wuri ba,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Saƙon muryar Inna ya iso. Na saurara sau tara, ina jin ki a baya kina dariya har da tari.

Ta ce a gaya wa wancan na ƙasar sanyi, shekara arba'in da huɗu ba ta kama sunan ɗan fari ba, ba za ta fara don wata takarda ba. Ta ce ko ranar suna ba ta faɗa ba, balle na mahaifinmu. Ta ce wace irin uwa ce mara kunya nake so a mayar da ita da tsufanta.

Sadiƙa, ni da aka yi ta ce wa "kai yaron nan" tun ina rarrafe. Ni na manta. Kin sani sarai, kika yi shiru kwana tara ina ramewa. Za ki ce ni na hana ki sharhi. Gaskiya ne, na koma na karanta wasiƙata.

Ba ta tsaya nan ba. Ta faɗi ranar da aka haife ni, ana cirar gyaɗa. Ta tuna akuyar da na bari ta cinye zanen Goggo. Ta ce Sallah goma sha uku ta ɗebe mini tuwo ta rufe, Kamilu ya cinye. Game da takardar abinci, ta tambaya ko sai da na yi shekara goma sha ɗaya da ɓeraye kafin na gano zogalen da ke bayan ɗakinta.

Sannan ta ba ni tata jarrabawar, tambaya bakwai. Wace bishiya ce a ƙofar gida? Gonar wa ke gabas da tamu? Sunan autarki? Na ci biyu, ɗaya ma cinka na yi. Ta ce a nemo mini fura mai kyau, kaina ya fara taɓuwa.

Na yi wa farfesa bayani. Ta ɗauko biro ta ce in sake faɗa a hankali. Yanzu so take mu gyara tambayoyin don tsofaffinmu, wai babban bincike ne. Kada Baffa ya ji, zai ce Inna ce ya kamata a ba digirin.

Zancen Kano a dakata. Tunda kin ce Ummu Hani matar Kamilu ce ta fara zuba gishirin ba ta faɗa ba, na janye. Amma carbin nan ban janye ba. Ki riƙa lura da ita, da gaske nake. Sauran zan duba da idona.

Na zauna na ƙirga abin da na tara a ƙasar nan. Rigunan sanyi huɗu. Ciwon baya ɗaya. Takardun bincike goma sha bakwai, babu wanda ya karanta su a Rogo. Kwanakin hutun da ban taɓa ci ba, arba'in da biyu. Su na kai ofis jiya aka sa hannu. Zan sauka Kano ran goma sha tara ga wata, ɓeraye su ci abin da suka samu.

Ki turo mini sunayen yaranki a jere, da na bishiyar, ba tare da Inna ta sani ba. Wannan karon na yarda da sharhi.

Ki gaishe ta. Ki ce wancan yana tafe.

Yayanki,
Zaharaddini