Hannu Na Biyu a Akwatin Marigayi

Litinin, 3 ga Maris
Na koma ɗakin adana takardu na jami'a. Akwatunan Marigayi na nan yadda na bar su. Masanin lissafi ne da ya rasu tun ba a haifi babana ba, ni kuma na ɗora wa kaina rubuta tarihinsa ba wanda ya aike ni. Edita ta ce ko in kawo sabon abu kafin ƙarshen wata, ko su cire littafin daga jerin bana. "Malam, kowa ya san haziƙi ne. Sai kuma me?" Da gaskiyarta. Duk babin da na rubuta, abin da yake cewa ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris
Akwatin ƙarshe, wanda ƙura ta fi so. Rubutun Marigayi tsaf yake kamar na injin ɗab'i, amma a nan ga wani hannu daban: manyan lambobi sun jingina baya, tawada duk ta dame, bakwai ɗin kamar ƙugiya. Da lissafin 'yan firamare aka fara, ana hawa a hankali, har aka iso matsalar da ya mutu bai warware ba. Wani ya koyi lissafi a gidan nan tun daga tushe. Matarsa? An ce ko aji ba ta taɓa shiga ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Na kira edita, na gaya mata zancen matar. Ta ce, "Yanzu ka yi magana!"
A gida maman yara ta ce, "Ikon Allah. Matar wani, matacciya, ka gano tana da ƙwaƙwalwa. Allah ya kawo ranar tawa."

Talata, 11 ga Maris
Alƙalami na gudu. Har na ba matar hali: mai haƙuri, mai kunya, tana aiki bayan ta sallami girki. Ko hotonta ban taɓa gani ba.
Maman yara ta tuna mini Yaya, babban wana, ya daɗe da dawowa daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye. Na ce sai na gama babin. Ta ce to, sai ta gaya masa ya jira babi.

Lahadi, 16 ga Maris
Na je. Na tarar da shi a shagonsa na ɗinki, keken a rufe da zane, hannun dama kwance a cinya. Likita ta ce ya riƙa rubutu da hagu. Shi kuma lambobi kawai yake so, don ya koma rubuta awon mutane.
"Zo, ɗan boko. Na koma aji ɗaya. Ba ni maki, kuma ban da son kai."
Lambobin sun jingina baya. Gefen hannunsa baƙi ƙirin, yana bin tawadar yana shafe ta. Ya rubuta bakwai, kamar ƙugiya.
Na ce ya ci.

Litinin, 17 ga Maris
Na jera takardun bisa kwanan wata, aikin da ya kamata in fara da shi. Inda kyakkyawan rubutun ya tsaya, nan mummunan ya soma. Ba su taɓa haɗuwa a shafi ɗaya ba. Shekarar ita ce wadda ya daina koyarwa "saboda rashin lafiya." Ni na rubuta wannan jimla a babi na biyar, na wuce abina.

Laraba, 19 ga Maris
"Wato babu matar?" in ji edita.
"Akwai ta. Lissafin ne ba nata ba. Nasa ne, da hannun hagu."
"To me ya rage?"
Na ce tsoho yana koyon rubuta bakwai. Ta ce mu duba baɗi. Na san baɗin editoci.

Alhamis, 20 ga Maris
Na koma akwatin duk da haka. A shafukan farko ya kuskure ninki sau da dama. Bai soke ko ɗaya ba, sai ya sake a ƙasa.

Asabar, 22 ga Maris
Hanya ta bi da ni ta shagon Yaya. Ya ce in riƙe masa bakin tef, zai gwada awo a kaina tunda ni kyauta ne. Ya zagaya ƙuguna da kyar, ya ce tumbin nan dai ba karatu ne ya kawo shi ba. Ya rubuta lambar, ya miƙo mini.
Ta karantu sarai. Na ce ban gane ba, ya sake.
Ya harare ni, ya gyara zaman takardar da gwiwar hannu. Na jawo kujera.