Ɗumi a Ƙarƙashin Tayil ɗin Hajiya Turai

Litinin, 8 ga Janairu
Yau kamfani ya ba ni aikin da zan jagoranta da kaina. Na farko. Ɗumama daɓen ɗaki, a Dubai. Abokan aikina a ofishinmu na Al Quoz sun sha dariya, wai ɗumi a garin zafi. Su yi. Sunana ne a kan zanen: Injiniya Rilwanu.

Laraba, 10 ga Janairu
Na je gidan. Na Alhaji Dikko ne, ɗan Kano mai harkar kago, jigilar kaya. Ya kawo mahaifiyarsa, Hajiya Turai, jinyar gwiwa. Ba a iya kashe esi mai sanyaya ɗakin saboda numfashinta, shi kuwa tayil ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Safa biyu take sawa, salla ma a kujera. Na yi mata bayani: za mu ɗaga tayil, mu shimfiɗa siraran bututu zagaye-zagaye, mu rufe da siminti. Ruwan ɗumi zai riƙa zagayawa ciki, ɗumin ya taso a hankali.
Ta ce, "Ɗan nan, wuta za ka binne min a ɗaki?"
Na ce, "Ruwa ne, Hajiya. Bai kai na alwala zafi ba."
Ba ta yarda ba. Alhaji ya ce khalas, magana ta ƙare, a fara.

Asabar, 13 ga Janairu
Mun shimfiɗa. Ya yi kyau har na ɗau hoto. Kaico, rufe shi za a yi, ba mai gani.

Litinin, 15 ga Janairu
Gwaji kafin siminti. Na cika bututun da ruwa, na zuba wa allurar ma'auni ido. In ta sauka, akwai yoyo. Ko motsi ba ta yi ba. Alhamdulillahi.

Juma'a, 9 ga Fabrairu
Siminti ya bushe, an kunna tun jiya. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire safa ɗaya, ta taka da babban yatsa. Sai ta cire ɗayar, ta ce a kawar da kujerar nan. A ƙasa ta yi la'asar, a zaune, goshinta ya taɓa darduma. Da ta sallame ta ce, "Allah ya ji ƙan mahaifanka."
Na ce suna raye. Ta ce, "To, a ina?"
Na ce Jos, garin sanyi.

Asabar, 10 ga Fabrairu
Na kira Ummata, na tambaye ta faɗin ɗakinta. Ta ce na mene ne? Na ce tambaya ce kawai.