Tabon Cikina da Ran Ƙanwata

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Asibiti
Daga: Mai ɗinki, yayar wata mai juna biyu da ke awo a asibitinku
Kwanan wata: Litinin, 13 ga Mayu, 2024

Game da: Buɗe mini ciki a zauren awo, da ƙin amincewar ƙanwata da tiyata sanadiyyar haka

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da ƙorafi. Allah ya sani ban so wannan magana ta hau takarda ba, domin ko rubuta ta nake yi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai dai abin ya wuce mutuncina, ya kai ga rai.

1. Ranar Talata, 7 ga Mayu, na rako ƙanwata awo. Cikinta na fari ne, kuma likita ya riga ya shaida mata cewa mabiyiya ta tare bakin mahaifa, don haka aka sa mata ranar tiyata, Alhamis 23 ga wannan wata. Ta amince, har ta haɗa jakarta.

2. Kamar yadda aka saba, kafin a fara awo babbar ungozoma, wadda mata ke kira Anti Sauri, ta tsaya yi wa jama'a jawabi. Ta gane ni, domin a hannunta na yi jinya da aka ciro mini ɗana ta hanyar tiyata shekara biyu da suka wuce. Ta kira ni gaba, ta ce in ɗaga rigata. Ranka ya daɗe, ni da hannuna na ɗaga. Mun tashi da girmama mai farin kaya, na tsaya kamar akuyar da aka kai kasuwa. Ta bi tabon da bayan biro, ta ce wa mata su buɗe ido su gani, wannan ne makomar duk mai wasa da awo, kuma wai waɗanda aka yi wa tiyata sun fi mutuwa, ni ma da kyar aka ƙwato ni.

3. Ban taɓa wasa da awo ba. Ɗana a gicciye ya zo, kuma ita ma ta sani.

4. A kan bencin zauren awon akwai matan da nake yi wa ɗinki. Yanzu in na durƙusa ina gwada mace, sai in ga idonta a kan cikina. Wata har ta laƙaba mini Mai Zif, ana dariya, ni ma ina tayawa don kada a ce na ji haushi. Wannan ba shi ne ƙorafina ba, ruwan da ya zube ba ya kwasuwa.

5. Tun ranar ƙanwata ta kwance jakarta. Ta ce ita ba za a yanka ta ba, gara ta yi naƙuda a ɗakinta. Na gaya mata abin da likita ya bayyana mini a lokacin nawa: cewa tiyata tana da haɗarinta, kamar zubar jini da ruɓewar ciwo, amma da yawan waɗanda ake rasawa sai da suka galabaita a gida aka kawo su, kuma na tuna mata cewa mai irin matsalarta ba ta da wata hanyar. Ta dube ni ta ce ai ma'aikaciyar asibiti ce ta faɗa, a cikin asibiti, kuma ni ina tsaye ban musa ba. Wallahi wannan kalma ta fi tabon ciwo, domin gaskiya ce. Mijinta ya yi lallashi, mahaifiyarmu ta yi kuka, duk a banza. Shekaranjiya ƙanwata ta ga ɗigon jini, ta ɓoye, sai a wanki na gano.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon ofishinka abubuwa kamar haka. Na farko, a hana nuna jikin majinyaciya a zauren awo, ko da manufar kirki ce. Na biyu, ba na neman a hukunta Anti Sauri. Na san tsoratar da mata take yi don su riƙa zuwa, kuma ita ta yi ta wanke mini ciwo ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Abin da nake roƙo shi ne a umarce ta, tare da likita, ta zaunar da ƙanwata a cikin wannan mako ta gyara maganarta, domin bakin da ya ɗaure shi ke kwancewa. In ƙanwata ta ƙi zuwa, ni zan ɗauko ungozomar in kai ta har ɗaki.

Ranka ya daɗe, kada wannan takarda ta jira zaman kwamiti. Na iya jure mata su kalli cikina. Ba zan iya jure a kira ni wankan gawar ƙanwata ba.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba da idon rahama.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai ɗinki, yayar majinyaciya