Faɗa Musu Yadda Na Faɗa

Kavuzi, Lundazi
9 ga Oktoba

Yaya Lusungu,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Inna. Yaya Lusaka, yaya fama da karatu? Mu nan lafiya lau, sai zafi, kaza ma ba ta yarda ta ratsa tsakar gida da rana. Inna ta ce gyaɗar da kwandasta zai ba ki tare da wannan takarda taki ce ke kaɗai, ba ta 'yan ɗakinku ba.

Na so in yi shiru har ki gama, amma abin ya wuce shiru. Ranar Litinin na kai kaya makaranta a kekena, sai na leƙa tagar ajinki na kurame. Yaya, babu aji. Buhunan takin zamani na ƙungiyar manoma ne jibge har sun rufe hotunan hannuwan nan da kika zana a bango. Bencinan yara suna gindin mangwaro, awaki na hawa. Malamar da aka bari a madadinki an mayar da ita aji huɗu, yaranki kuma an watsa su cikin masu ji, kowa a layin baya. Na tsaya na kalli ɗalibarki Tiza. Idan aji ya yi dariya, sai ta duba hagu ta duba dama, sannan ita ma ta yi, bayan kowa ya gama. Jiya uwarta ta ce mini ta daina zuwa.

Hedimasta, Mista Luhanga, ya ce na ɗan lokaci ne. Amma na ga sabon kwaɗo a ƙofar, an kuma rubuta SITO da fenti, ba da alli ba. Kwamitin makaranta zai zauna ranar huɗu ga wata mai kamawa, kuma Kawu Mtonga ne shugaba yanzu. Abin da nake ji a bakin masu hawa kekena shi ne za a rufe ajin gaba ɗaya.

Kada ki taso. Na san a makon ne za ki tsaya gaban malamanki ki kare bincikenki, kuma shekara biyu kina wahalar digirin nan na biyu. Ki bar ni da Kawu. Na san lokacinsa, bayan ya ci tuwon sima ya wanke hannu, kafin barci ya ɗauke shi. Zan bi shi a hankali.

Allah ya ba ki sa'a. Ƙaninki,
Gomezgani

Lusaka
16 ga Oktoba

Gome,

Na gaishe ka, ka gaida Inna, gyaɗa ta iso. Zan zo. Taro Talata, kare bincike Juma'a, mota na zuwa kuma tana dawowa.

Amma akwai maganar da ta daɗe tana cina. A nan jami'a sun ba ni tafinta, wata Misis Sakala, aikinta ke nan. A watan farko na gaya wa wani farfesa cewa littafinsa a kan koyar da kurame ya yi kama da na wanda bai taɓa wuni da kurma ba. Ta faɗa masa. Gome, na ga wuyansa ya kumbura, ya buga tebur har biro ya faɗi. Na koma ɗaki ina murna kamar an ba ni kyauta. Tun da sanƙarau ya tafi da jina ina 'yar shekara tara, ban taɓa ganin maganata ta ɓata wa wani rai ba sai ranar.

Sai na fara tunawa. A gida nakan yi faɗa har hannuwana su yi ciwo, kai kana fassarawa, mutane kuma suna gyaɗa kai suna murmushi. Ranar da na je neman ɗakin ajin nan, na ce Mista Luhanga ya fi kula da awakinsa a kan yaran mutane. Ya washe baki ya miƙo mini hannu. Me ka gaya masa?

Ranar Talata za ka faɗa musu yadda na faɗa. Abin da suka ce kuma za ka ba ni yadda suka ce. In ba za ka iya ba, faɗa mini tun yanzu, in roƙi Misis Sakala ta biyo ni.

Yayarka,
Lusungu

Kavuzi
24 ga Oktoba

Yaya,

Muna gaisuwa. Inna tana tambaya ko kina cin abinci, na ce daga ganin takardarki kina cin barkono.

Kin tambaya, ga amsa. Na ce masa, "Yaya ta ce ta san kai uba ne ga kowane yaro a makarantar nan." Kuma a ranar kika koma gida da mabuɗi a hannu. Kada ki jira in ce na yi nadama, ban yi ba.

Shi farfesan naki, kina haɗuwa da shi a bakin rijiya? Matarsa ce ke auna wa Inna gishiri? Ke kina faɗin magana ki hau mota. Ni ne nake kwana a garin. Ni nake ɗaukar matar Mista Luhanga zuwa kasuwa duk Asabar, kuma Kawu ne zai kai maganar aurena gidan su Wezi bayan Kirsimeti, kin sani. Aji biyar na yi, ban san abin da ke cikin manyan littattafanki ba, amma na san mutum idan aka kunyata shi gaban jama'a, ko ya ga gaskiya ba zai juyo ba, don kada a ce mace ta juya shi.

Sai ɗaya rabin. Kin ce in ba ki abin da suke cewa. Yaya, tun ina ɗan yaro nake tsayawa tsakaninki da bakin mutane. Ba duka ne na shiga kunne ba, balle ido.

Amma maganar wata Misis Sakala, ki bar ta. Ina raye, ba za a ɗauko baƙuwa daga Lusaka ta zama bakinki a Kavuzi ba. Hannunki ma ba duka za ta gane ba, rabi ni da ke muka ƙirƙira a bayan rumbu. Ki zo. Zan faɗa yadda kika faɗa, ba ragi. In abu ya fashe, ki tuna na gaya miki.

Ƙaninki,
Gomezgani

Kavuzi
13 ga Nuwamba

Yaya Lusungu,

Gaisuwa da fatan kin isa lafiya, kuma Juma'ar ta yi kyau. Har yanzu ba mu ji komai ba, Inna kullum sai ta tare kwandasta.

Kin fita da gudu don kada mota ta bar ki, ba mu yi magana ba. Ke fuskoki kika gani, ni kuma na ji sauti, to bari in cike miki.

Da kika miƙe kika fara, na ga hannunki na san yau babu sauƙi. Na ce, "Ta ce ku da kuke zaune a nan, kun samar wa taki rufi da ƙofa da kwaɗo, kun bar 'ya'yan mutane a layin baya kamar tsintsiya." Muryata ta yi rawa a nan, ba ki ji ba, gara haka. Kowa ya juyo yana kallona ni, ba ke ba. Mista Luhanga ya ce, "Gomezgani, lafiyarka kuwa?" Na ce, "Yallaɓai, ni baki ne kawai." Wani daga baya ya ce, "Yau bakin ya sha giya!" Aka yi dariya. Dariyar da kika gani ke nan, ba da ke ake ba tukuna.

Sai kika nuna Kawu. Na roƙe ki da ido, kika ƙi kallona. Na ce, "Kawu, ta ce kai ne ka goya ta zuwa asibiti lokacin ciwonta, kuma yau kai ne kake so a ce yara irinta ba su cancanci ɗaki ba. Ta ce ka ji kunya." Yaya, a garin nan ba a taɓa ce wa Kawu ya ji kunya ba. Wata tsohuwa ta ce "Yesu!" har sau biyu.

Amsarsa kin gan ta a hannuna. Ya ce, "Faɗa mata ta je ta karanto duk takardun Lusaka, kurma dai kurma ce. Yaran nan a ba su awaki su yi kiwo, shi ne gatansu." Ya faɗa ne da sakin jiki, yana gyara hula, don ya saba ina tacewa. Da ya ga na ɗaga hannu ina yin alamar akuya, sai ya ce da sauri, "Kai, kai, ba sai ka faɗa mata wannan ba!" Na ce, "Kawu, ka ce in faɗa mata." Ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba, kuma na sha ɗaukar buhu biyu in hau tudun coci. Na ga idonki ya kawo ruwa, kika haɗiye, kika ce, kuma na faɗa da ƙarfi har na waje suka ji, "Na gode, Kawu. Yau na san da wa nake magana."

Bayan kin juya baya aka yi ta hayaniya. Uwar Tiza ta miƙe, ita da ba ta taɓa buɗe baki a taro ba, ta ce, "'Yata ba za ta yi kiwon akuyar kowa ba, Mtonga, naka jikokin su yi." Aka ce ta zauna, mata ba su cikin kwamiti. Ta ce ai tsayuwa ba ta kwamiti ba ce.

Hukunci dai bai yi mana daɗi ba. Sun ce ɗakin zai ci gaba da zama sito muddin akwai kayan ƙungiya a ciki, in ya zama fanko sai a sake duba magana. Suna faɗa suna kallon juna, don sun san mutanenmu ba sa kwashe takinsu sai shuka ta kai gwiwa, kafin nan kuma an kawo wani. A bakin ƙofa Kawu ya ce mini, "Ɗan Nyirenda, ka nemi wanda zai je maka gidan su yarinyar nan. Ni kunya ta hana ni fita." Na durƙusa na ce, "To, Kawu." Na gaya miki abu zai fashe, ga shi ya fashe, kuma a kaina.

Amma na kwana da kalmar nan tasu, muddin akwai kaya a ciki. Takin ba na makaranta ba ne, kowane buhu da mai shi. Abin da ke hana mutane ɗauka, nisa ne da nauyi. Washegari na fara bi gida gida. "Baba, hadari ya fara haɗuwa, in kawo maka takinka har ƙofa? Kyauta." Wa zai ƙi? Mai shi ya biyo ni, mai sito ya buɗe, in ɗaure a kariyar keke in tura. Na uwar Tiza na fara kaiwa, ita kuma ta shiga gaba tana yi mini shela a wurin niƙa.

Mista Luhanga yana tsayawa a baranda yana kallona. Shekaranjiya ya ce, "Gomezgani, yaushe ka zama mai tausayin manoma haka?" Na cire hula na ce, "Yallaɓai, tarbiyyar makarantarku ce." Matarsa dai ta samu wani mai keken.

Tayar baya ta fashe, na ɗinke. Yanzu hannuwan da kika zana sun fito, warin takin ne kawai ke sa hawaye, na bar taga a buɗe. Abin da ya rage a ɗakin buhunan mutum ɗaya ne, na Kawu. Na je na yi masa tayi kamar kowa, ya ce kayansa suna jin daɗin inda suke. Shi ma ya gane, kin san ba wawa ba ne. To nan na tsaya. Ba zan taɓa kayan Kawu ba da izininsa ba, kuma ba zan daina zuwa gaishe shi kowace safiya ina tambaya ba. Mu ga wanda zai gaji.

Ki rubuto. Ƙaninki,
Gomezgani

Lusaka
19 ga Nuwamba

Gome, ƙanina,

Ka gaida Inna, ka ce mata na ci. Sun ba ni gyare-gyare kaɗan, farfesan nan ma ya sa hannu yana ɓata rai.

Maganar Kawu na yi ta kuka a mota har Chipata. Duk da haka kada ka sake ɓoye mini irinta. Batun Wezi kuma ban manta ba, ni na jawo maka, ni da Inna za mu san ƙofar da za mu buga.

Buhunan Kawu ka bar su inda suke. Ka shigar da bencinan yara, ka gaya wa uwar Tiza ta sanar da sauran iyaye. In yana son takinsa, ya zo ya ɗauka a gaban yaran, su gan shi ya gan su.

Ina tafe Asabar. Ka je wurin Mista Luhanga ka ce masa ranar Litinin zan buɗe aji. Ba tambaya ba ce, Gome. Kada ka mayar da ita tambaya.

Yayarka,
Lusungu